Haki, Ciyawa da Abin Miya: Sunayen da ke Cikin Garkar Damina a Dauran

Idan manomi a Dauran ya ce maka gobe zai yi noma, ba yana nufin gobe zai shiga sana'ar gona ba ne. Ya riga ya yi shara tun bazara, ya kai taki, ya yi shuka da ruwan farko, shuka kuma ta tsiro. Abin da yake nufi shi ne zai ɗauki kalme ya duƙa ya raba shuka da haki. Aikin gona yana da rassa da yawa, kowanne da sunansa: sassabe, shuka, huɗa, girbi, sussuka. Amma wannan aiki guda na kawar da ciyawa shi ya cinye sunan sana'ar gaba ɗaya. Ba a kiran mutum mashuki ko magirbi don a faɗi abin da yake ci da iyalinsa da shi, manomi ake ce masa. Ko yaro yana iya jefa iri a rami ya take da diddige. Wanda ya tsaya ya yi noman firi a kan lokaci, ya yi cira, ya dawo ya yi maimai kafin marka ta kankama, shi ne ya yi noma.

Dauran tana cikin ƙaramar hukumar Zurmi, a yankin da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da garin Zurmi, ƙasar da gulbin Gagare da na Bunsuru suke shayarwa. Daminar nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma duk abin da zai tsiro a cikinta tare yake tsirowa, da wanda aka shuka da wanda ya kawo kansa. A ƙaramar garka ta bayan gari, wadda ake nomawa don kasuwa ba don rumbu ba, abin ya fi fitowa fili, domin ƙasar ta sha taki, kuma taki bai san na gida da baƙo ba.

Mutumin Zamfara haki yake cewa inda Bakano zai ce ciyawa. Bakanon ma bai rabu da kalmar ba, tana nan a bakinsa cikin karin magana, duk ranar da ya ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin lura shi ne, daga haki har ciyawa babu wadda take ɗauke da hukunci. Hakin da aka nome da safe shi ne wanda yaro zai ɗaure da hantsi ya kai wa tumaki, ko ya kai bakin kasuwa a saya. Hausa ba ta ware kalma guda ta ce wannan ita ce sunan duk tsiron da ba a so. Hukuncin yana cikin sunan kowane tsiro shi kaɗai, kuma wanda ya san sunayen ya san wanda zai tuge, da wanda zai kewaye da kalme ya bari, da wanda zai ce wa matar gida ta turo yara su tsinka.

Hanya mafi sauƙi da Bahaushe yake raɗa wa haki suna ita ce ya ɗauko sunan abin da ya sani ya maimaita shi. Aya abar nomawa ce, jihar Maraɗi ta yi suna a kanta, har Sifaniya ake kai ta a yi abin sha da ita. Aya-aya kuwa, wadda wasu ke kira jiji, 'yar uwarta ce ta jini, ganye iri ɗaya, 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa iri ɗaya, sai dai nata masu ɗaci ne. Maimaicin yana cewa: ta yi kama, amma ba ita ba ce. Duk mai fangalin albasa ko tumatir a fadama ya san ta. Ka sare ta yau, bayan kwana kaɗan ta leƙo, domin 'ya'yanta a sarƙe suke da juna a cikin ƙasa, kuma kalmen da ya tsinka sarƙar tayar da waɗanda ke barci yake yi. A 1977 wasu masana a Amurka, Holm da abokan aikinsa, sun fitar da littafi a kan ciyayin da suka fi addabar noma a duniya, suka sa ta a lamba ɗaya, suna cewa an kawo ƙararta a ƙasashe 92 cikin amfanin gona iri 52. Manomin fadamar Gagare ba zai yi musu da su ba.

Sai waɗanda aka bai wa dabbobi. Wannan tsari ya fi ko wanne yawa, kuma a ganina ya fi ko wanne hikima. Ana ɗaukar sunan abincin mutum a jingina shi ga wata halitta, ma'ana irin wannan ne, amma ba rabonka ba ne. Alkamar tururuwa, mai 'ya'ya masu tsaga a tsakiya kamar ƙwayar alkama. Gyaɗar awaki. Duman kada, mai yaɗo a bakin ruwa da ganye masu faɗi, wanda makiyayi ya san dabbar da ta cika cin sa makyarkyata take yi. A wasu kuma sashen jikin dabbar ake arowa don siffa: harshen saniya mai ganye da kauri da santsi, ƙaimin ƙadangare mai 'ya'ya masu kama tufa, nonon kurciya wanda in ka karya shi farin ruwa yake fitarwa. Akwai kuma jinginawa ga namiji. Kowa ya san namijin gwanda, mai fure ba 'ya'ya. A kan wannan ma'auni aka sami namijin gasaya da namijin zaƙi-banza mai ƙaya: sun yi kama da na miya, amma ba su kai a sa su a tukunya ba. Irin wannan suna yana yawo, abin da wani gari ke kira namijin gasaya ba lallai shi ne na garin gaba ba, domin sunan bayanin daraja yake yi, ba na iri ba. Maza dai ba su taɓa kai ƙara a kan wannan ba.

Waɗanda aka yi wa suna da irin cutarwarsu ba su buƙatar dogon sharhi. Tsidau, ko tsaidau, in ka taka shi ba takalmi dole ka tsaya. Kashin yawo yana maƙale a gashin tunkiya da bakin wando ya tafi inda bai taɓa zuwa ba, kuma sunan ya dace da shi fiye da yadda masu raɗa shi suka sani, don asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Ƙarangiya ita ce sarauniyarsu. Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno da Sakkwato, kuma a littafin tafiyarsa ya yi kuka da ƙarangiya da sunanta na Hausa. Sai dai ita wannan mai soke ƙafa tana da ƙwaya a cikin ƙayarta, kuma a shekarun yunwa irin su Kakalaba ta 1914 da farin 1973, ƙwayar ciyayi irin nata na cikin abin da talakan Sahel ya sussuka ya ci. Ɗanyarta kuma, kafin ta yi ƙaya, abincin dabbobi ce mai kyau.

Mafi wuyar sha'ani a cikinsu ita ce shibra. Ita ba haki ba ce sosai, ba kuma gero ba ce sosai. Tana samuwa ne daga barbarar geron gida da geron daji, kuma tun tana ƙarama har ta yi kara, sai mai idon gaske ne zai bambance ta da gero, shi ya sa take tsallake cira da firi da maimai. Sai ta fitar da kai asirinta yake tonuwa: zangarniya siririya, mai gashi, mai saurin nuna, mai kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa kafin a zo girbi, ta bar wa baɗi iri. Amma saurin nunar nan shi ne ya sa ba kowa ke tuge ta ba. A ƙarshen marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero kuma bai kai ba, shibra ce ake fara yankowa a rage zafi. Masana ilimin tsirrai da suka yi nazarin asalin gero, irin su Brunken da de Wet da Harlan a 1977, ba su ƙirƙiro mata wani sunan yau da kullum ba, da shibra suka kira ta, kuma da wannan suna take yawo a rubuce-rubucen kimiyya har yau.

Tsiron da ya fi tara sunaye shi ne wanda ya fi yin ɓarna. Wuta-wuta, ƙuduji, gaugai, makasar dawa, duk abu ɗaya ne, gwargwadon garin da kake. Kowane suna ya kama wani gefe nasa. Wuta-wuta ya kama abin da ido ke gani: dawa ko gero ya tsaya cak, ganye ya yi ruwan ɗorawa ya ƙanƙance kamar an bi shi da wuta, ga ruwa yana sauka amma gona tana nuna ƙishi. Makasar dawa ya faɗi sakamako kai tsaye. Turawa da mayu suka danganta shi, kuma dalilinsu ba nesa yake da namu ba, domin yana cin shuka ne tun ba a gan shi ba.

Yadda yake aiki ya kamata kowane manomi ya sani. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ba sa tsirowa don ruwa ya sauka kawai. Sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sannan su farka, su miƙa 'yar saiwa su kama ta hatsin su riƙa zuƙar ruwa da abinci. Makonni suke yi a haka a ƙarƙashin ƙasa. Kafin kyakkyawan furen nan mai launin shunayya ya bayyana a gona, galibin ɓarnar an gama ta. Ka ga ke nan wannan haki ne da noma, a ma'anarsa ta asali, ba ya maganinsa: firi ya wuce bai fito ba, maimai ya wuce yana leƙowa. Abin da tugewa ke yi shi ne hana shi zubar da irin baɗi, in an tuge kafin fure ya bushe aka kuma ƙone.

Tsofaffi in sun ga ya yi yawa cewa suke gona ta gaji, kuma bincike ya gaskata su, domin ya fi ƙarfi a ƙasar da ta rasa taki. Akwai wani abu kuma da ya shafi tarihin wannan yanki. Sinadarin da ke tayar da 'ya'yan, a saiwar auduga aka fara gano shi a 1966. Auduga tana tayar da su amma ba sa iya kama ta, sai su tsiro su mutu da yunwa. Haka gyaɗa da waken suya suke yi musu. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗa ne manyan kayan da yake kwasa. Manomin da ke juya gonarsa tsakanin dawa da auduga da gyaɗa a wancan zamani yana rage wuta-wuta ko da bai sa wa abin suna ba. Da cutar gyaɗa ta 1975 ta karya nomanta a Arewa, kasuwar auduga kuma ta yi ta ja da baya, gonaki da yawa sun koma hatsi a kan hatsi shekara da shekaru, abin da ƙuduji ya fi so ke nan. Wake ma yana da nasa, wani iri daban mai gajeren jiki, wanda ba ya taɓa dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tare da cibiyar IITA sun fitar da irin wake da masara masu jure shi, kuma aikin da Gebisa Ejeta ɗan ƙasar Habasha ya yi a kan dawa mai jure fari da wuta-wuta shi ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009.

Duk wannan gefe ɗaya ne na garka. A ɗaya gefen akwai jama'ar da ba wanda ya shuka su, ba kuma wanda ke ce musu haki da zuciya ɗaya. Tafasa, wadda ke naɗe ganyenta da yamma. Lalo, da 'yar uwarta tungurnuwa. Karkashi, wanda a nan yoɗo ake ce masa. Gasaya, rukuɓu, yaɗiya mai hawa shinge, rai-ɗore da ake nema don magani, goga-masu da ake murzawa a shafa wa ƙyasbi. Zaƙi-banza ya faɗi matsayinsu duka a cikin sunansa: daɗi ba da ko sisi ba. Namiji mai kalme yana ganinsu a matsayin masu cin takin kuɓewarsa, amma in ya nome lalo gaba ɗaya zai ji magana a gida. Ilimin wannan rukuni a hannun mata yake. Su suka san tafasar da ta yi ƙuruciyar da za a dafa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, da wadda ta tsufa ta yi wari. Su ke shanya lalo da yoɗo a daka, a ajiye har rani lokacin da za su yi kuɗi. Yarinyar da ke tallan kwaɗo ranar kasuwa, wani lokaci ribar da take kai wa uwarta daga abin da ya tsiro a gefen kunya ne, ba daga abin da ke kan kunyar ba. Lalon da muke bari ya fito da kansa, a Masar shuka shi ake yi gona guda, kuma sunansa na can, mulukiyya, shi ne ya zama malohiya a bakin Hausawan Nijar. 'Ya'yan tafasa ma yanzu suna da masu saye a buhu don fitarwa Asiya.

Su kansu abubuwan da aka shuka da gangan, sunayensu a Dauran ba su ne na littafin makaranta ba. Kuɓewa guro ce, yakuwa sure ce, dankali kudaku ne, attaruhu tarugu, barkono tonka, kabewa kabushi. Ɗan kasuwar da ya zo daga Kano sari yana koyon waɗannan a rana ɗaya. Inda ake samun ruɗani na gaske shi ne gujiya. A Kano gurjiya ita ce mai ƙwaya guda mai tauri da ake dafawa da ɓawonta. A Zamfara da Sakkwato in an ce gujiya gyaɗa ake nufi, waccan kuwa kwaruru ce. Kwaruru 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, gyaɗa kuwa daga Kudancin Amurka ta zo bayan shekarar 1500, ta hannun Turawan Fotugal. Baƙuwa ce ta zo ta tarar da 'yar gida mai binne 'ya'yanta a ƙasa kamar ta, ta zauna a kan sunanta. Masara tana ɗauke da sunan Masar duk da cewa asalinta Meziko ne, wato sunan ya riƙe hanyar da ake ganin ta biyo, ba mahaifarta ba. Albasa da alkama Larabci ne a fili. Tumatir da karas da kabeji da latas ba su ɓoye bakin da aka ji su ba. Gero da dawa da wake, waɗanda suka fi kowa daɗewa, su ne ba su yi kama da aron kowa ba.

An taɓa zama an rubuta waɗannan sunaye. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma faɗaɗa aikin a 1937. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo da yawa, har yana nuna wanda na Sakkwato ne da wanda na Katsina ne. Waɗanda suka faɗa musu sunayen manoma ne da makiyaya da masu magani da ba a rubuta nasu sunayen ba. Aiki ne mai kyau, amma ya yi kimanin shekara ɗari, kuma da Turanci aka yi bayaninsa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sabuwar kalmar da ta shigo gona: feshi. Yau a kowace kasuwar ƙauye akwai mai teburin maganin ciyawa, kuma rabe-raben da ake yi a gaban teburin bai wuce uku ba: mai ƙonewa nan take, mai bi har saiwa, da mai zaɓe wanda ke barin hatsi ya kashe mai faɗin ganye. Ba na zargin manomi. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, matasa sun tafi birni ko wurin haƙar zinariya, kuma a ƙasar Zurmi akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Mutumin da ke zuwa gona da fargabar 'yan bindiga ba zai so ya kwana uku a duƙe a wurin da zai iya fesawa cikin awa biyu ya koma gida ba. Gonakin nesa da yawa sun zama saura, kuma a Satumban 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya, mai kayan gwari ne ya fi kowa ji a jika, tunda tumatir ba ya jiran a buɗe kasuwa.

Amma kwalbar maganin ba ta san lalo ba, ba ta san yoɗo ba. A wurinta tafasa da kashin yawo duk masu faɗin ganye ne. Garkar da aka fesa kafin shuka tana fitowa tsaf, ba abin kwaɗo ba abin miyar yauƙi, kuma yaron da ya tashi da goyon tankin feshi ba shi da dalilin sanin bambancin harkiya da gude-gude da tuji, tunda duk mutuwa ɗaya za su yi. Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar suna: matar da ta tsinko tafasa a gefen gonar da aka fesa jiya ba ta da hanyar sani. Maganin paraquat, mai ƙonewar nan, Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007 saboda dafinsa, kuma hukumar NAFDAC ma ta sanar da matakin kawar da shi daga kasuwannin Najeriya. Ga shi kuma, wuta-wutar da ta fi kowa ɓarna, feshin kafin shuka ba ya taɓa 'ya'yanta da ke kwance a ƙasa.

Kira na ga malaman gona na ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, da ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura, da sashen Hausa na jami'o'inmu na Gusau da Sakkwato. A samu tsofaffin manoma da tsofaffin mata na Dauran da Moriki da Birnin Tsaba, har da waɗanda rashin tsaro ya mayar da su cikin gari, a ɗauki hoton kowane tsiro da waya, a rubuta sunansa yadda suka furta shi, da abin da ake yi da shi, da lokacin da ake tuge shi ko a bar shi. A buga da Hausa, a raba wa masu sayar da maganin feshi su ma. Manomi kuma, in zai fesa, ya bar gefe guda na garka ga kalme, ya kuma sanar da makwabta ranar da ya yi feshi don kada a tsinki ganye a wurin.